Ko Kun Sani? Katin Gem da Wutar da Yake Ci

Ramin da ake cusa katin hoto a cikin kwamfuta ba ya ba da wutar da ta wuce wat 75. Duk katin da ya fi haka ci, sai an ja masa waya ta daban daga akwatin wutar kwamfutar. Katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 yana shan wat 450 shi kaɗai, ninki shida na abin da GTX 1650 na 2019 ke sha, wanda yawancinsa wutar ramin ke isar sa.

A Kongolam, bakin iyakar Nijar, inda mai gidan gem ke dogaro da sola ko janareto, wannan lissafin ya fi sunan kati muhimmanci. Kuɗin mai na kullum ne, na kati kuwa sau ɗaya ake biya. Matsakaicin kati ya ishi samari buga ƙwallon FIFA lafiya lau.

Sai kuma na hannu. Bayan da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katunan hoto a Satumbar 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana sun malalo kasuwa da araha. In za ku saya, ko a Kano ne, ku sa a kunna gem a gabanku, ku saurari fankar, ku leƙa ko ƙura ta toshe ta. Zafin bazara da ƙurar hunturu ba sa raga wa gajiyayyen kati.