Waris Dirie: Daga Kiwon Raƙuma Zuwa Riƙon Alƙalami

Mu da ke zagaya makarantun Gwandu da Kalgo mun sha ganin an cire yarinya daga aji saboda aure. To, ga labarin wata da ba a ma taɓa sa ta aji ba.

Waris Dirie 'yar makiyayan Somaliya ce. Tana shekara 13 ta gudu daga auren wani tsoho, har ta kai Landan, ta yi aikatau. Can mai ɗaukar hoto Terence Donovan ya gan ta, ta shiga tallan tufafi, sunanta ya game duniya.

A 1997, shekarar da ta haifi ɗan farinta, ta fito fili ta ba da labarin kaciyar da aka yi mata tana ƙarama. Littafinta, Desert Flower, ya fito a 1998, ita da sai da ta girma ta koyi karatu.