Gafarar Zunubai da Ceto ta Wurin Bangaskiya a Addinin Kirista

Koyarwar Kirista game da ceto ta ginu ne a kan cewa zunubi ya raba ɗan Adam da Allah, kuma bashi ne wanda mutum ba zai iya biya da ƙoƙarin kansa ba, shi ya sa Kiristoci suka gaskata cewa mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu su ne suka sauke wannan nauyi. Abin da suke kira alheri shi ne kyautar da Allah yake yi wa wanda bai cancanta ba, bangaskiya kuwa ta wuce yarda da labari, domin tana nufin mutum ya tuba ya dogara kacokan ga Almasihu.

Inda aka daɗe ana kai ruwa rana shi ne matsayin ayyuka nagari. A shekarar 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana bin garuruwan Jamus da akwatin kuɗi yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, talaka ya jefa sulallansa ya karɓi takarda, wani ɓangare na kuɗin kuma ana gina majami'ar Bitrus a Roma da shi. Martin Luther, malami a jami'ar Wittenberg, ya rubuta hujjoji 95 yana ƙalubalantar wannan ciniki, daga baya kuma ya kafe a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa cewa ta wurin bangaskiya kaɗai ake barata, wato Allah ya lasafta mai zunubi a matsayin marar laifi. Damuwarsa tana da tushe, domin gafarar da ake saye da kuɗi ta fi kusa da mawadaci. Majalisar Trent ta Katolika ta amsa a 1547 cewa alheri ne ke fara ceto, amma dole bangaskiya ta yi aiki cikin ƙauna, abin da wasiƙar Yakubu ma ta nanata.

Sai a ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar da ta amince cewa ceto kyauta ce, ayyuka nagari kuma 'ya'yanta ne. Wannan tarayya ce ta zaɓi Musa Panti Filibus, babban bishop na cocin Lutheran mai hedkwata a Numan ta jihar Adamawa, ya shugabance ta daga 2017 zuwa 2023.