Macijin Hannu: Alamomin Lafiyarsa da na Rashin Lafiyarsa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin maciji, amma galibin sanin da ya yi masa sani ne na abokin gaba. Sunayen da ya laƙaba wa ire-irensa, kamar kasa da kububuwa da gamsheƙa da kumurci da mesa, da karin maganar da ya gina a kansa, irin su "wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu", duk sun fi karkata ga sara da dafi da tsoro. Sai dai akwai waɗanda maciji yake zaune a hannunsu. Na farko su ne gardawa masu wasa da shi a kasuwanni da wuraren biki, waɗanda da shi suke neman abinci. Na biyu masu kula da gidajen namun daji. Na uku kuwa masu ajiye shi don sha'awa, musamman a Turai da Amurka, inda aka fi son wata ƙaramar mesa ta Afirka ta Yamma, mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. An daɗe ana fitar da ita daga Gana da Togo da Benin, kuma takan rayu shekara 20 zuwa 30 idan ta sami kulawa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake duba lafiyar irin wannan maciji na hannu, da nuna cewa yawancin cututtukansa daga wajen ajiyarsa suke tasowa.

2.0 Sanin Ɗabi'a Kafin Sanin Cuta

Maciji dabba ce da ba ta kuka, ba ta ɗingishi, fuskarta kuma ba ta sakewa. Sau da yawa kafin ciwo ya fito fili ya riga ya yi nisa. Saboda haka matakin farko shi ne mai ajiya ya san ɗabi'ar irin macijin da ke hannunsa. Alal misali, Hausawa kan kwatanta mai nauyin barci da kasa, domin halinta ne ta kwanta wuri ɗaya tana dakon abin da za ta kama. Wannan lafewa ga kasa lafiya ce, amma ga gamsheƙa, wadda aka sani da zafin nama da fasa kai, abin tuhuma ce. Haka kuma ƙaramar mesar nan takan ƙaurace wa abinci har watanni, musamman namiji a lokacin barbara, ba tare da wani ciwo ba. Abin da ke raba gardama shi ne sikeli: idan nauyi bai ragu ƙwarai ba, babu damuwa; idan yana ta raguwa, to, akwai magana.

Lafiyayyen maciji yakan riƙa fitar da harshe akai-akai, domin da shi yake ɗauko ƙamshin abin da ke kewaye da shi ya kai ga wata gaɓa da ke dasashin bakinsa na sama. Idan aka ɗaga shi, a ji jikinsa da ƙarfi yana riƙe hannu. Wanda ya saki jiki kamar jiƙaƙƙiyar igiya, ko ƙashin bayansa ya fito tsororo har gefunan jikinsa suka lotsa, ya rame ke nan.

3.0 Saɓa da Fata

Saɓa ita ce madubin lafiyar maciji. Ba shi da fatar ido mai ƙiftawa. Wani siririn ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, kuma tare da sauran fata yake fita. Idan saɓa ta gabato, launin jiki yakan dusashe, idanu su yi hazo-hazo na 'yan kwanaki, sa'an nan su washe, bayan wasu kwanaki kuma sai ya tuɓe tsohuwar fatar tun daga leɓe har wutsiya, a juye kamar yadda ake cire safa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka makanta ce ta kama shi. A wannan lokaci yakan ƙi cin abinci, yakan kuma yi saurin fushi saboda ba ya gani sosai.

Saɓar da ta fita ɗungurungum alama ce mai kyau. Wadda ta fita gutsi-gutsi kuwa tana nuna bushewar iska, ko ƙwari, ko wani ciwo. Ana duba ta a tabbatar ɓawon idanun biyu sun fita, a kuma duba ƙarshen wutsiya, domin fatar da ta maƙale a nan takan shaƙe wurin har ya mutu ya guntule. Haka nan ana duba kewayen ido da ƙarƙashin haɓa don neman wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu kama da ƙumar kaji, masu shan jini. Macijin da suka addaba yakan yini kwance cikin ruwan shansa. Wanda aka kamo daga daji kuma sau da yawa yakan zo da kaska. Jan tabo ko bororo a fatar ciki yana nuna shimfiɗar ta yi danshi da ƙazanta, ko kuwa abin ɗumama wurin ya ƙona shi.

4.0 Baki da Numfashi

Cikin bakin lafiyayyen maciji tsaf yake, ba kumburi, ba yauƙi. Idan dasashi ya yi ja ya kumbura, aka ga mugunya mai kauri kamar cuku, bakin kuma ya kasa rufuwa daidai, ruɓar baki ce, wadda in aka ƙyale ta takan ci har ƙashin muƙamuƙi. A nan ne batun ya shafi sana'ar gardi kai tsaye. Wasu masu wasa da maciji a ƙasashe dabam-dabam kan karya masa fiƙa don kauce wa sara. Wannan dabara tana da illa biyu. Ta farko, raunin yakan zama ƙofar ruɓar baki, macijin ya daina cin abinci, ya mutu a hankali. Ta biyu ta fi muni: maciji yana sauya haƙora muddin ransa, don haka fiƙar da aka karya za ta sake fitowa, jakar dafi kuwa tana nan tana aikinta. Wanda ya saki jiki da macijin da aka karya wa fiƙa a watannin baya yana iya gamuwa da ajalinsa. Shi ya sa buɗe bakin maciji mai dafi aikin ƙwararre ne mai kayan aiki.

Ta fuskar numfashi, yawancin macizai da huhu ɗaya suke dogara, wato na dama, kuma ba sa iya tari balle su fitar da majina. Numfashi da baki a buɗe, kumfa a hanci, wani ɗan fito wanda ya bambanta da hucin fushi, da yawan ɗaga kai sama, duk alamun ciwon huhu ne, kuma sanyi ne babban mai jawo shi.

5.0 Ciki da Jijiya

Kashin maciji kashi biyu ne: baƙi-baƙi, da kuma fari mai kama da alli, wanda shi ne a madadin fitsari. Gudawa, ko jini, ko kumburi a dubura, suna bukatar a kai samfur wurin likitan dabbobi a duba tsutsa. Amai bayan cin abinci yakan faru idan wurin ya yi sanyi, ko aka ɗauki macijin kafin kwana 2 da ci. Idan ya yi ta maimaituwa, to, cuta ce. Mafi tsanani ita ce alamar jijiya, inda maciji yake ƙura wa sama ido, yana murɗa kai, ko a kifar da shi ya kasa juyowa. A cikin dangin mesa wannan kan zo da wata cuta mai yaɗuwa wadda a 2012 aka danganta ta da wani rukunin bairos, kuma ba ta da magani. Don haka ake keɓe sabon maciji na wata 2 zuwa 3 kafin a kusantar da shi ga sauran.

6.0 Kammalawa

Jikin maciji ba ya samar da ɗuminsa. Daga waje yake aro. Ƙaramar mesa tana bukatar gefe mai ɗumi na kimanin digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Selsiyos, da gefe mai ɗan sanyi na kimanin 25, don ta zaɓa da kanta kamar yadda take yi a daji. A ƙasar Hausa lokacin hunturu ne ya fi haɗari, domin ya haɗa sanyin dare da bushewar iska, ɗaya yana hana narkewar abinci ya buɗe ƙofar ciwon huhu, ɗayan yana ɓata saɓa. Mai ajiya kuma ya kula da kansa, ya wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi, domin maciji ko da lafiyayye yakan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa mutum gudawa da zazzaɓi. Idan aka ga macijin hannu ya sauya, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne akwati ko kwandon da yake kwana, da zafinsa da danshinsa da tsabtarsa, sa'an nan a nemi likitan dabbobi tun ciwon bai yi nisa ba.