Mu San Maganar Kyanwa

Kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa, ita ke tsare mana rumbu daga ɓarnar kusu. Ya kamata mu gane maganarta.

In ta ɗaga wutsiya sama tana goga kai ga ƙafarmu, gaisuwa ce. In tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ta gaji da wasa. In ta kwantar da kunnuwa, ta yi doro, gashinta ya tashi, tana huci, to tsoro ya kama ta. Mu janye yara.

In ta ciji yaro ko ta yakushe shi, mu wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, mu kai shi likita nan take, domin kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare.