Ciwon mafitsara a kyanwa: Abin da ya kamata a sani kafin sakamakon gwaji ya fito

Da zarar an shiga kaka a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, rumbuna da sito-sito kan cika da masara da shinkafa da dawa, ɓeraye kuma su biyo ƙanshin hatsi. A irin waɗannan gidaje kyanwa tana da aikin yi, domin ita ce mai gadin abin da aka wahala a kansa tun farkon damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya ajiye kyanwa cikin matakan da take ba iyalai shawara a kansu don rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Sai dai wannan mai gadi tana da wani rauni da ba kowa ya san da shi ba, wato mafitsara. Ranar da aka ga kyanwa tana yawan tsugunawa, tana yunƙuri, fitsarin na fita ɗigo-ɗigo ko gauraye da jini, an shiga wani hali da kan ɗauki kwanaki kafin a gane tushensa. Likitan dabbobi zai ɗebi fitsarin, ya ce a jira sakamako. A cikin kwanakin jiran ne ake tafka kurakuran da kan halaka dabbar, tun kafin takardar ɗakin gwaji ta iso.

Ciwo ɗaya, dalilai da yawa

Alamomin ciwon mafitsara a kyanwa kusan iri ɗaya ne ko mene ne ya jawo shi: yawan zuwa fitsari, kuka yayin yinsa, lasar gaba ba ƙaƙƙautawa, jini, da yin fitsari a wuraren da ba ta saba ba, kamar kan tabarma ko buhun hatsi. Abin da ke haddasa su ne ya bambanta, shi ya sa ido kaɗai ba ya isa a yanke hukunci.

Binciken da aka yi a asibitocin dabbobi na Turai da Amurka ya nuna cewa a tsakanin kyanwowin da ba su kai shekara 10 ba, fiye da rabin masu waɗannan alamomi kumburin mafitsara ne ke damunsu, irin wanda ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, ba kuma tsakuwa ba. Likitoci suna danganta shi da firgici da takura. Bayansa sai tsakuwar mafitsara da toshewar hanyar fitsari. Kamuwa da ƙwayoyin bakteriya, wanda yawancin mutane ke fara zato, shi ne mafi ƙaranci a ƙananan kyanwowi, ya fi samuwa ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko ciwon suga.

Ga kyanwar da ke kwana a sito akwai ƙarin abu biyu da ya kamata a sanar da likita. Na farko shi ne maganin ɓera: wasu nau'o'insa suna hana jini daskarewa, kuma kyanwar da ta ci shi, ko ta ci ɓerayen da suka ci shi, tana iya zubar da jini ta fitsari. Na biyu shi ne rauni, kamar bugun babur, jifa ko faɗowa daga kan katanga.

Akwai kuma wani ruɗani da ya shafi yankin. Mazauna garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga da filayen noman rani sun san tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini, don haka abu ne mai sauƙi a ɗauka ita ce ta kama kyanwa. Tsutsar da ke haddasa tsargiyar mafitsara ta mutane ce, kuma maganinta ba ya warkar da kumburi ko tsakuwa a mafitsarar kyanwa.

Halin da ba ya jiran sakamako

Tambaya mafi muhimmanci a kwanakin jira guda ce: fitsari yana fita ko ya tsaya? Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce kuma siririya, musamman wajen ƙarshenta, saboda haka 'yar tsakuwa, gudan jini ko majina mai haɗe da ɓurɓushin gishirin jiki na iya toshe ta ɗungurungum. Macen kyanwa ba ta cika toshewa ba, domin tata hanyar gajera ce mai faɗi.

Idan hanyar ta toshe, mafitsara kan cika ta yi tauri, ƙoda ta kasa tace jini, sinadarin fotashiyam ya taru har ya dagula bugun zuciya. Muzurun da aka bari a haka yana iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3, wani lokaci ma ƙasa da haka. Alamomin su ne yunƙuri ba tare da ko ɗigo ya fita ba, amai, ƙin abinci, ɓuya a lungu, kasala, da ihu idan an taɓa cikinsa. Mutane da dama kan ɗauka bahaya ce ta gagare shi, sai su ɗura masa mai ko madara, lokaci kuma yana tafiya.

Muzurun da ya yi rabin yini yana yunƙuri babu fitsari, wurinsa asibiti ne a ranar, ko sakamako ya fito ko bai fito ba. Likita zai sa masa maganin barci, ya zura siririyar roba ya buɗe hanyar, ya ƙara masa ruwa ta jijiya. Matsa cikin a gida don a tilasta fitsarin ya fita yana iya fasa mafitsarar.

A nan ne nisa ke shigowa. Aikin kula da lafiyar dabbobi a karkara ya fi karkata ga shanu, tumaki, awaki da kaji, kuma kayan buɗe hanyar fitsarin muzuru ko na'urar ɗaukar hoton ciki sun fi samuwa a manyan birane. Dajin Falgore da ke Doguwa yana da nisan kimanin kilomita 150 daga birnin Kano, Riruwai kuma tana gaba da shi. Ga mutanen Kiru da Bebeji, Kwanar Dangora tana kan babbar hanyar Kano zuwa Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da asibitin koyarwa na dabbobi. Wanda aka ɗebi fitsarin muzurunsa ya kamata tun ranar ya tambayi likita inda zai nufa idan hanyar ta toshe da dare, ya karɓi lambar waya, ya kuma tanadi kuɗin mota.

Me ya sa gwajin ke ɗaukar lokaci?

Gwajin fitsari hawa-hawa ne. Na farko, wanda ke duba kaurin fitsari, jini, suga da ɓurɓushin gishiri a ƙarƙashin madubin likita, ana iya kammala shi a rana ɗaya. Na biyu shi ne shuka fitsarin a ɗakin gwaji don a ga ko bakteriya za su tsiro, sannan a gwada maganin da zai kashe su. Wannan ba ya yiwuwa ƙasa da sa'a 48 zuwa 72, domin ƙwayoyin suna buƙatar lokacin girma. Idan kuma sai an aika samfurin wani gari, kamar Zariya ko Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, kwanakin hanya za su ƙaru a kai.

Zafi ma yana ɓata samfuri. Fitsarin da ya daɗe a ajiye yana haifar da ɓurɓushin gishirin da babu shi a jikin dabbar, bakteriyar waje kuma su hayayyafa a cikinsa. Saboda haka an fi son a duba shi cikin sa'a guda, ko a sanya shi a sanyi. Don gwajin bakteriya, likitoci sun fi amincewa da fitsarin da aka zuƙo kai-tsaye daga mafitsara da siririyar allura. Ma'ana, ga mai zuwa daga Tudun Wada ko Doguwa, kai kyanwar da kanta ya fi kai fitsarinta a kwalba. A ɗauke ta a kwando mai murfi ko kwali mai ƙofofin iska. Buhu da but ɗin mota a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, suna iya kashe ta kafin a isa.

Magungunan da ke kashewa

Babban haɗarin kwanakin jira yana zuwa ne daga kemis. Ganin dabba tana kuka yakan sa mai ita ya ɓallo ƙwayar farasitamol ya ba ta, da niyyar tausayi. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa wannan magani, don haka ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa. Yana lalata jini ya hana shi ɗaukar iskar numfashi, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Ibufurofen da dikilofenak kuwa suna ƙona ciki su lalata ƙoda, wadda dama tana cikin haɗari.

Magungunan kashe bakteriya su ma suna da tasu matsalar. Tunda yawancin ƙananan kyanwowi ba bakteriya ke damunsu ba, ba su maganin ba ya ƙara komai. Idan kuma an ba su kafin a ɗebi fitsari, gwajin na iya nuna babu komai alhali akwai. Ragowar maganin kaji ko na awaki ya fi haɗari, domin an auna shi ne da wata dabba daban. Maganin enrofuloksasin, alal misali, yana makantar da kyanwa idan ya wuce ƙima. Yawan amfani da irin waɗannan magunguna barkatai na cikin dalilan da suka sa Najeriya ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani a 2017, wanda ya haɗa lafiyar mutane da ta dabbobi.

Akwai magungunan rage zafi da suka dace da kyanwa, kuma likita na iya bayar da su tun kafin sakamako. Haƙƙin mai dabba ne ya nema, maimakon ya koma gida hannu rabbana ya shiga gwaje-gwajen kansa.

Abin da za a iya yi a gida

Abu na farko shi ne sa ido. Kyanwar da ke yawo a waje ba a sanin ko ta yi fitsari, don haka a keɓe mata ɗaki mai iska da inuwa, a ajiye faranti mai faɗi cike da yashi mai tsafta. Lafiyayyar kyanwa takan yi fitsari sau 2 zuwa 4 a yini. A riƙa duba yashin safe da yamma, a rubuta sau nawa ta yi, yawansa, launinsa, da ko ta ci abinci. Wannan takarda tana taimaka wa likita kusan kamar sakamakon gwajin.

Na biyu shi ne ruwa. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta busassun yankunan Afirka da Gabas ta Tsakiya, shi ya sa ba ta cika jin ƙishirwa ba, fitsarinta kuma mai kauri ne. Tana buƙatar kimanin mililita 50 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinta a yini, wato mai kilo 4 tana buƙatar wajen mililita 200, har da ruwan da ke cikin abinci. A ajiye ruwa a kwanuka biyu ko uku masu faɗin baki, nesa da wurin fitsari, a riƙa sauyawa. Romon kaza ko na kifi yana jawo ta sha, muddin babu gishiri, sinadarin ɗanɗano, albasa ko tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. Busasshen kifi mai gishiri da ragowar miyar gida a dakata da su. Kyanwar da ta wuce yini guda ba ta ci komai ba, a sanar da likita.

Na uku shi ne natsuwa. Farfesa Tony Buffington na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2006, inda suka bi kyanwowi 46 masu yawan kumburin mafitsara tsawon wata 10 bayan an gyara musu muhalli, kuma alamomin ciwon sun ragu ƙwarai. A gidan Bahaushe abubuwan da ke firgita kyanwa sanannu ne: hayaniyar biki ko suna, ƙarar injin sussuka, yara masu kora da jifa, kare, baƙon muzuru da ke shigowa ta katanga, ko sauya gida. Ta samu wurin ɓuya da wurin hawa, a ciyar da ita a lokaci ɗaya kullum. Dukanta don ta yi fitsari a kan shimfiɗa ƙara mata ciwo yake yi, domin zafi ne ya kai ta can.

Idan sakamako ya fito

Idan an ga bakteriya, likita zai zaɓi maganin da gwaji ya nuna yana kashe su, kuma wajibi ne a kammala kwanakin da ya yanke. Idan tsakuwa ce, sai an san irinta. Akwai wadda ake kira situruvait, wadda abinci na musamman ke narkarwa cikin makonni, akwai kuma kalsiyam okzalet, wadda ba ta narkewa sai an fitar da ita, galibi ta hanyar tiyata. Wannan ne dalilin da ya sa ba a so a sauya abinci ko a ba da wani jiƙo da sunan narkar da tsakuwa kafin likita ya tantance, domin abin da ke rage ɗaya yana iya ƙarfafa ɗayar.

Sakamakon da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne wanda ya ce ba a ga komai ba. Wanda ya biya kuɗin mota daga Riruwai ko Kiru yana iya ganin ya yi asara. Amma wannan amsa ita ce ke nuna kumburin da firgici ke jawowa, kuma ta hana kashe kuɗi a kan magungunan da ba su da amfani. Irin wannan kumburi yakan lafa cikin kwana 5 zuwa 7, sai dai yana dawowa ga kyanwowi da yawa cikin shekara guda. Ruwa, abinci mai laima da zaman lafiya a gida su ne maganinsa na dogon lokaci.

Ga muzurun da ya taɓa toshewa kuwa, haɗarin sake toshewa ya fi yawa a kwanaki da makonnin farko bayan an sallame shi daga asibiti. Farantin yashin ya ci gaba da zama a ɗakin, a ci gaba da duba shi safe da yamma, lambar likita kuma ta kasance a wayar fiye da mutum ɗaya a gidan.