YARON DA HARSHENSA YA YI NAUYI: Hakkinsa A Kan Malami Da Mahaifi

Duk wanda ya saba da tashar iyaka ta Magamar Jibiya, inda hanyar Katsina ta miƙe zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ya san cewa rashin jin harshen juna bai taɓa hana ciniki ba. Buzu ya iso da dabbobinsa, direban babbar mota ya taso daga Kudu ba ya jin ko zo in kashe ka da Hausa, amma da nunin yatsa, da girgiza kai, da zana lamba a ƙasa, sai ka ga an yi tayi, an yi albarka, daga baya an sallama. Dalili kuwa shi ne kowannensu yana son ya fahimci abokin cinikinsa, don haka yana haƙuri da shi. To, wannan haƙuri da muke yi da baƙo saboda riba, akwai 'ya'yanmu da suka fi baƙo bukatarsa a makarantunmu. Su ne yaran da aka haifa da lalurar da likitoci ke kira Down, wadda mutanenmu kan sa cikin abin da suke kira galahanga.

MECE CE WANNAN LALURA?

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai wasu 'yan zarurruka na gado guda 46, waɗanda ake kira kuromosom, an jera su biyu-biyu har kashi 23. Yaro mai wannan lalura, a kashi na 21 uku gare shi maimakon biyu, watau 47 ke nan. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, shi ya bayyana kamannin lalurar a 1866, shi ya sa ta ci sunansa, sa'an nan masana a Faransa suka gano asalinta a 1959. A nan Nijeriya, binciken da aka yi a Ibadan aka buga a 1982 ya sami yaro ɗaya cikin kowace haihuwa 865. Ashe ke nan babu garin da ya kai Jibiya girma da zai rasa su.

Saboda haka masu cewa ɗan ruwa ne, ko sammu aka yi wa uwarsa, sai su ji tsoron Allah su bar wannan zance. Halitta ce tun daga ciki, ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma laifin uwa ko na uba. A Amurka, a shekarar 1983, matsakaicin tsawon rayuwar mai wannan lalura bai wuce shekara 25 ba, yanzu ya kai wajen 60 saboda ingancin magani da kulawa. Wanda zai iya yin shekara sittin a duniya kuwa, lalle yana bukatar hanyar faɗin abin da ke ransa.

INDA MATSALAR TAKE

Abin da ya kamata kowane malami ya riƙe shi ne, wannan yaro yana fahimtar fiye da abin da yake iya furtawa. Tsokar leɓɓansa da ta harshensa ba su da ƙarfi, kogon bakinsa ƙarami ne, don haka kalma takan fito a cakuɗe. Ruwa mai yauƙi yakan taru masa a bayan dodon kunne, har ma fiye da rabin irin waɗannan yara suna da raunin ji, wani lokaci ya zo, wani lokaci ya tafi. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe kalmomi masu yawa a jere idan da kunne kaɗai suka shiga. In malami ya ce, "Ɗauko littafinka, ka buɗe shafi na biyar, ka zo ka zauna nan," sai yaro ya kama ta farko ko ta ƙarshe, saura su zube. Malam ya ga kamar taurin kai ne, ya ɗauko bulala.

Amma Allah bai bar shi haka ba. Abin da ya gani da ido yana zama masa fiye da abin da ya ji, yana kuma da saurin kwaikwayo da son jama'a. Ga shi kuwa makarantunmu, na boko da na allo, yawancin karatunsu na kunne ne: malam ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya. A cikin wannan amshi yaron sai ya ɓace, ya yi shekara uku yana motsa baki ba wanda ya san ko ya koyi wani abu.

ABIN DA MALAMI ZAI IYA YI

Babu ɗaya daga cikin abubuwan da za mu ambata da ke bukatar kuɗi. Da farko a zaunar da yaron a gaba, inda zai ga bakin malam. A kira sunansa, a bari ya dubo, kana a yi magana. Umarni ya zama ɗaya-ɗaya, gajere. In an yi masa tambaya, malam ya ƙirga goma a zuciyarsa kafin ya maimaita, kada kuma ya bar wani ɗalibi ya amsa masa, domin amsar tana tafe, hanya ce ta yi mata nisa. Idan ya faɗi kalma a karkace, ba sai an ce masa ya yi kuskure ba. Malam ya maimaita ta daidai, ya ƙara mata ɗaya. Yaro ya ce "uwa" yana nuna randa, malam ya ce, "Ruwa. Sha ruwa."

Na biyu, a haɗa magana da hannu. A Ingila, tun cikin shekarun 1970 aka tsara wata hanya mai suna Makaton, inda ake faɗin kalma ana yin alamarta da hannu a lokaci guda. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, domin ƙasar Hausa tana da maganar hannu tata, wadda kurame ke yi a Kano da sauran garuruwa, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta rubuta littafi a kanta a shekarar 2000. Malami ya zaɓi alamu kamar ashirin na bukatun yau da kullum, irin su ruwa, abinci, bayan gida, ciwo, ƙari, ya isa, ya koya wa ajin duka. Iyaye kan ji tsoron kada alama ta hana yaro magana. Abin da masana suka gani shi ne alama tana jawo kalma, in bakin ya buɗe yaro da kansa yake sakin hannun.

Na uku, a sa rubutu da hoto su yi wa harshe jagora. Binciken da Farfesa Sue Buckley ta fara a Ingila a 1980 ya nuna cewa da yawa daga cikin yaran nan suna gane rubutacciyar kalma ɗungurungum tun suna ƙanana, kuma karanta ta yana taimaka musu su furta ta. Kwalin sabulu da alli sun isa: a rubuta sunansa, da Inna, da Baba, da kasuwa, kowace da hotonta.

MAKARANTAR ALLO DA YAWAN HARSUNA

Makarantar allo tana da wata falala da ta dace da wannan yaro, watau kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a kora kowa gaba don ƙarshen zango ya zo. Allon abu ne da ake gani a kuma taɓa, babbaƙu ma har da launi ake bambanta wasu, ga alu baƙi ga alu ja. Sai dai Alaramma ya gajarta masa biyawa, kalma biyu ko uku, yana ɗora masa yatsa a kan baƙin da ake faɗa, ya kuma janye shi kaɗan daga hayaniyar tsakiyar ɗalibai. Malamanmu sun san cewa a cikin Suratu Ɗaha Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangiji game da ɗaurin harshensa don a fahimci zancensa, ya kuma nemi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna. To, a nema wa yaron nan abokin zama mai hankali a cikin ɗalibai, wanda zai taya shi ba tare da ya ƙwace masa magana ba.

Yaron bakin iyaka yana jin Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, Turanci a firamare, in kuwa danginsa na tsallake ne, ga Faransanci. Wasu kan shawarci iyaye su tsare shi a harshe ɗaya. Wani bincike da aka yi a Kanada aka buga a 2005 ya gwada yara masu wannan lalura da suka tashi da harshe biyu da waɗanda suka tashi da ɗaya, bai sami wata cutarwa da harshe na biyu ya yi wa na farko ba. Don haka kada a hana shi karatun addini ko na boko da wannan hujja. A dai gina masa komai a kan Hausa, domin da ita zai kira uwarsa.

KIRA GA ATTAJIRAI DA MA'AIKATA

Mahaifi ya fara da kai yaron a duba masa kunne da ido, da zuciya ma, tun da kusan rabin waɗannan yara ana haifarsu da matsalar zuciya. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina bai yi wa mutumin Jibiya nisa ba. Ya kuma sayi ɗan littafi da zai riƙa yawo tsakanin gida da makaranta, malam ya rubuta kalmomin mako, a maimaita su a gida wajen cin tuwo da wajen awo a shago. Shi kuma jami'in ilmi ya tuna cewa dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba wannan yaro hakkin karatu kyauta har zuwa sakandare. Hedimasta ba shi da hurumin mayar da shi gida.

Al'amarin ya wuce na cin jarrabawa. A 2022 mutanen Shimfiɗa sun kwararo cikin garin Jibiya suna gudun 'yan bindiga, kuma a irin wannan rana ce yaro ke kuɓuce wa hannun uwarsa. Ko a ranar kasuwa ta Lahadi ma hakan na faruwa. Yaron da zai iya faɗin sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, da baki ko da hannu ko da kati a aljihu, za a mayar da shi gida kafin magariba. Yarinyar da ta san alamar ciwo, ta kuma iya nuna wanda ya taɓa ta, mugu zai yi shakkar kusantarta. Waɗannan su ne darussan farko da ya kamata a koya musu, tun kafin bi da ba.

Allah Ya ba malamanmu haƙuri da basira, Ya shirya mana zuriyarmu baki ɗaya, amin.