Kafanchan: Garin da Layin Dogo Ya Raina

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a a kudancin Jihar Kaduna, na cikin garuruwan Nijeriya da jirgin ƙasa ya ɗaga martabarsu. Kafin zuwan Turawa, yankin mazaunin al'ummar Fantswam ne, maƙwabtan Kagoro da Bajju da Kaninkon, waɗanda noma da farauta ne sana'arsu.

Al'amura sun sauya a shekarar 1927, lokacin da garin ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos, inda ake haƙar kuza. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Hausawa da Ibo da Yarbawa, suka yi ta kwararowa suna kafa unguwanni. A shekarun 1930 aka dawo da fadar Sarkin Jema'a garin. Masarautar ta samo asali ne tun farkon ƙarni na 19, ƙarƙashin Zazzau.

Wannan cuɗanya ce ta ba Kafanchan kamanninta: masallatai da coci-coci kusa da juna, ga Hausa ta zama harshen ciniki tsakanin ƙabilu. Sai dai zaman bai rasa gargada ba. Rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro a Kwalejin Ilimi ta garin, ya bazu har Zariya da Kaduna, kuma takaddama kan sarauta da ƙasa ta daɗe tana gwada haƙurin jama'a.

Durƙushewar sufurin jirgin ƙasa ta rage wa garin armashi. A yau tattalin arzikinsa ya dogara ne ga cinikin amfanin gona, musamman citta, da kuma makarantu, ciki har da reshen Jami'ar Jihar Kaduna.

Yankin na da abin nuna wa baƙi. Akwai magangarar ruwa ta Matsirga, da bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, wanda gumakan yumɓunsa suka haura shekara 2,000. Tsohuwar tashar jirgin da gidajen ma'aikatanta su ma tarihi ne, kuma idan aka bari suka rushe, matasan Kafanchan za su rasa shaidar yadda kakanninsu daga sassa daban-daban suka haɗu suka gina gari guda.